Kunnen Baba

Shafi na 12

Masu cewa Mama ta cika sanyi, har da wadda ta rubuto cewa da ita ce da tuni ta tashi unguwa, ku gyara zama. Ni da na fito daga cikinta ma ranar nan ban gane ta ba.

*

"Sai kun yanki sabon kati."

Abin da mai yankan katin ta ce ke nan, ko ɗago kai ba ta yi daga wayarta ba.

Na ce, "Wane irin sabon kati kuma? Na'urar jin da kuka saka wa babana ce take fito a kunnensa. Gyara muka kawo."

"To ai saiti ke nan. Saiti kuɗinsa daban."

"Ranar da aka saka masa ba haka kuka ce ba."

"Ni dai haka aka gaya min."

Na juya na kalli Baba. Yana zaune a ƙarshen benci, ya karkato hula ta rufe kunnen hagu, hannuwansa a kan gwiwa, yana bin bakunanmu da ido. Injinan masaƙa ne suka cinye masa ji tun ina firamare. Da ya lura mutane na ƙunshe dariya in ya ɗaga murya bai sani ba, sai ya rage magana, har ya kusa dainawa. Da hannu muke hira da shi a gida. Bakin Mama kaɗai yake iya karantawa.

Mu 'ya'yansa muka haɗa kuɗi aka kawo shi wannan cibiyar ta gwajin kunne. Tun ranar da aka saka masa na'urar take masa fito a cikin kai, bai gaya wa kowa ba. In ya ga za mu shigo sai ya yi sauri ya maƙala ta yana murmushi, don kada mu ce kuɗinmu ya tafi a banza. Sai da Mama ta shiga ɗaki ta same shi dafe da kai, hawaye na zuba ta ido ɗaya, sannan asiri ya tonu.

Raina ya ɓaci. Na buga tebur.

"Ke, ajiye wayar nan ki kalle ni! Cuta ce wannan, wallahi cuta ce!"

Sai na ji an riƙe min hannu.

"Auta, koma ki zauna."

"Mama, ki bar ni da su..."

"Na ce ki zauna kusa da babanki."

Na saki baki. Mama fa. Matar da in tela ya ɓata mata ɗinki sai ta yi masa godiya, ta dawo gida ta ce ƙila ita ce ta rame. Matar da mai gyaran famfo ya taɓa bari da ruwa har ɗaki, ta bi shi da ruwan sanyi a kofi tana masa sannu da aiki. A gida tsokanarta muke, muna cewa in ɓarawo ya shigo Mama ce za ta haska masa hanya.

Ta gyara mayafinta, ta matsa gaban teburin. Muryarta ko tashi ba ta yi ba.

"'Yata, sannu da aiki. Kira min mai wurin nan."

"Manaja yana da baƙi."

"Ba komai. Nan zan tsaya har su tafi."

Ta kuwa tsaya. Ba ta jingina ba, ba ta zauna ba. Duk wanda ya zo yankan kati sai ya raɓa ta gefenta. Mai yankan katin ta kalle ta, ta kalli waya, ta sake kallon ta. Can dai ta ja tsaki ta miƙe ta shiga ciki.

Manajan ya fito yana gyara hannun riga, turarensa ya riga shi isowa.

"Mama, lafiya? An ce kina son gani na."

"Lafiya lau, ɗana. Ka gane mu?"

"Mutane da yawa suke zuwa, Mama."

"Ni na gane ka. A kujerar can ka zaunar da mijina. Da bakinka ka ce min in ta ba shi matsala mu dawo, za ku yi ta daidaitawa har ta zauna, duk yana cikin abin da aka biya. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

Ya yi 'yar dariya. "Tsari ne ya canja, Mama."

"Kafin mu biya ya canja, ko bayan mun biya?"



Wurin ya fara yin tsit. Wani dattijo mai sanda da ke gyangyaɗi ya buɗe ido. Wata mata mai goyo ta daina jijjiga ɗanta.

Manajan ya nuna wani allo da ke bango. "Ga shi can a rubuce. Kaya in ya fita ba ya dawowa."

"Auta ta karanta min," in ji Mama. "Sai dai mu ba roba muka zo saye ba, ɗana. Robobi cike suke a gidana. Ji muka biya. Mutumin nan yana ji?"

"Kunnen tsoho ne, sai a hankali. Zai saba."

Mama ta juya ta nufi Baba. Ta ɗage hular, ta zare na'urar a hankali kamar mai cire ƙaya. Na ga kafaɗun Baba sun sauka. Ta goge ta da gefen mayafi, ta dawo ta miƙa wa manajan a tafin hannu.

"Riƙe ta a kunnenka."

"Mama, ai ba a haka..."

"Ban ce ka cusa ba. Kai ta kusa kawai. Kunnenka na yaro ne, ba na tsoho ba. In ka iya riƙewa har in gama gaishe ka, mu tafi gida, ba za ka sake ganin mu ba."

Dattijon nan ya buga sandarsa a ƙasa. "Kai mana, yaro! Me kake tsoro?"

Manajan ya duba hagu, ya duba dama. Ido ko'ina. Ya ɗauka da yatsu biyu, ya kai kunne.

Har daga inda nake zaune na ji ƙarar. Siririya, mai huda kai, kamar ana jan ƙusa a kan kwano.

Mama ta fara, "Ina kwa..."

Ko kwanan ba ta ƙarasa ba ya fizge hannunsa yana runtse ido.

"Wannan," in ji Mama, "shi mijina yake wuni da shi yana wa 'ya'yansa murmushi."

Tsigar jikina ta tashi. Na kalli matar nan da nake gani kullum a bakin murhu, na rasa inda ta ɓoye wannan duk tsawon rayuwata.

Manajan ya ajiye na'urar a tebur, ya sassauta murya. "To Mama, don girmanki, ki kawo rabin kuɗin saitin..."

"Ko sisi."

"Mama..."

"Tun da gidana ya yi shiru rediyo ce abokiyar hirata. A nan na ji ana cewa wanda ya biya kuɗin aiki, aikin bai yi ba, yana da haƙƙin a gyara masa, ko a canja masa, ko a mayar masa da abinsa. Na kuma ji akwai ofishin da ake kai kukan irin wannan. Ban san hanyarsa ba, amma ina da baki, zan tambaya. Ni ba rigima na zo yi ba, ban ma iya ta ba. Ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙi."

Mai goyon nan ta miƙe. "Ni ma haka suka yi min! Duk zuwa sabon kati, kuma yaron har yau ba ya juyowa in na kira shi."

"Ni zuwana na nawa ke nan," in ji dattijon, "har mai gadi ya san sunan jikokina."

Hayaniya ta kaure. Manajan na ɗaga hannu yana cewa a yi haƙuri, a bi a hankali, sai ƙofar ciki ta buɗe.

Wata mata ce ta fito, doguwa, da farar rigar aiki, gilashinta rataye a wuya. Daga baya na ji ita ce mai gwajin kunnen wurin, kuma lokacin da aka kawo Baba tana hutun haihuwa.

"Me ke faruwa? Ina gwaji a ciki, ƙararku na shigo min."

Idonta ya faɗa kan na'urar da ke tebur. Ta ɗauka, ta saka gilashi, ta juya ta.

"Ta waye?"

"Ta mijina ce," in ji Mama.

"Wa ya gwada shi kafin a saka masa?"

Mama ta ce, "Gwaji kuma? Zaunar da shi aka yi aka maƙala masa."

"Ba a shigar da shi ƙaramin ɗaki ba? Ba a ɗora masa abu a kunne ana ce ya ɗaga hannu ba?"

"Ba a yi ba, 'yata."

Mai gwajin ta juya ta kalli manajan. Ta daɗe tana kallon sa. Shi kuma ya tsura wa agogon hannunsa ido.

"Ku shigo da shi," ta ce.

Manajan ya tare. "Ba su yanki kati ba."

"Sun biya gwajin da ba a yi musu ba. Shi zan yi yanzu. In kana da magana ka same ni bayan na gama."

*

Ɗakin ƙarami ne, bangonsa an liƙe shi da soso mai laushi, da taga ta gilashi a tsakiya. Aka zaunar da Baba a ciki, aka ɗora masa manyan abin kunne. Mama ta tsaya a gabansa ta yi masa bayani da baki a hankali, in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ya gyaɗa kai.

Muka koma bayan gilashi. Mai gwajin ta danna wani maɓalli. Shiru. Ta sake dannawa. Shiru.

Na fara addu'a a cikin raina.

Ta murɗa wani abu, ta danna.

Hannun Baba ya tashi. A hankali, kamar ɗalibin da bai tabbata da amsarsa ba.

"Alhamdu lillahi," mai gwajin ta ce. "Akwai sauran ji a kunnen nan, har da yawa ma. Me ya sa aka bar shi haka?"

Mama ta sunkuyar da kai. "Ce mana aka yi kunnen ya mutu."

Da aka gama ta ɗauki tsohuwar na'urar, ta ɓalle murfin batir da farce, ta kai ta ƙarƙashin fitila. Fuskarta ta canja.

"Sabuwa aka ce muku wannan?"

Na ce, "Sabuwa dal, har da kwalinta."

"Kwalin ƙila sabo ne. Wannan ta hannu ce. Kin ga nan? An taɓa fasa ta an liƙe. Kuma da kunnen wani aka daidaita ta, ba na babanku ba. Kamar ki ɗauki gilashin idon maƙwabci ki ce sai kin gani da shi."

Mama ta damƙe gefen mayafinta.

Mai gwajin ta ja wata durowa, ta ɗauko wata 'yar na'ura ruwan toka. "Wannan ta gwaji ce, irin wadda ta dace da shi. Bari mu ga."

Ta haɗa ta da kwamfuta, ta yi 'yan danne-danne, ta fito da Baba ta zaunar da shi a kujera. Ta saka masa. Ta koma ta danna abu ɗaya.

Baba ya zabura.

Ya ɗaga kai sama. Fanka ce ke juyawa. Ya bi ta da ido kamar yau ya fara ganin fanka. Ya sauke kai ya kalli ƙafarsa, ya goga takalminsa a ƙasa. Ya sake gogawa. Ya ɗaga hannu ya murza yatsunsa kusa da kunne.

Babu wanda ya yi motsi a cikinmu.

Mama ta kai hannu za ta share ido, awarwaronta suka yi ƙara.

Baba ya juyo da sauri.

Ba ta gabansa take ba. Ta bayansa take. Ya juyo.

Mai gwajin ta raɗa mata, "Yi masa magana. Kada ki bari ya ga bakinki."

Mama ta ja mayafi ta rufe baki.

"Malam," ta ce. "Kana ji na?"

Baba ya ƙura mata ido.

"Maƙwabciya," ya ce, da wata murya a dashe. Sunan da yake kiran ta da shi ke nan tun suna gida da gida suna yara. "Sake faɗa."

"Kana ji na?"

"Ina ji." Ya gyaɗa kai. "Muryarki ta tsufa."

Mama ta fashe da dariya da kuka a haɗe. "Kai taka yarinya ce?"

Ni kam tuni na durƙushe a ƙasa. "Baba! Baba, ni ce!"

Ya dafe kunne ya ja baya. "Kai! Wace ce wannan mai murya kamar ta kwandasta?"

"Auta ce fa," in ji Mama.

Ya kalle ni, ya kalle ni. Ya miƙo hannu ya dafa kaina.

"Rabona da muryarki kina kuka a kan alawa," ya ce. "Ashe haka kika zama. Yi ta magana, Auta. Ko me ma faɗi."

Na rasa abin faɗa. Ni da ake roƙo in yi shiru a gida. Sai na hau gaishe shi, ina kwana, ina wuni, ina gajiya, duk a haɗe, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Mai gwajin ta cire gilashi ta juya mana baya tana goge shi.

Na zaci shi ke nan. Na zaci Mama za ta yi godiya yadda ta saba, mu kama hanya.

Ta share fuska, ta gyara mayafi.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya raya abin da kika haifa. Buɗe min ƙofar nan."

Manajan na tsaye a bakin ƙofa, da alama duk ya ji. Mutanen benci sun taso sun yi cirko-cirko a bayansa.

"Shigo, ɗana," Mama ta ce. "Saura magana ɗaya. Sabuwa muka biya. Ina take?"

"Mama, mu je ofis mu yi magana."

"A gaban mutane ka ce zai saba. A gabansu za ka amsa."

Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya kalli mai gwajin, ta harɗe hannuwa. Ya kalli jama'a. Sai na ga fuskarsa ta taurare, irin ta wanda ya ƙudurta ba zai nutse shi kaɗai ba.

"To tunda haka kike so. Ni ban cuce ku ba. Abin da aka biya shi na bayar."

Na ce, "Ƙarya ne! Kuɗin sabuwa muka haɗa!"

"Ke kika kawo min kuɗin?"



Ba ni na kawo ba. Yaya ne, babban wanmu. Shi ya nemo wurin, shi muka tura wa kowa nasa kason, shi ya zo ya biya kafin ranar da aka kawo Baba. Har yau in an zauna sai ya ba da labarin irin wahalar da ya sha.

Mama ta ce, "Kada ka saka ɗana a cikin wannan."

"Ni zan saka shi?" Ya zaro waya daga aljihu. "Bari ki ji da kunnenki."

Ya danna kira, ya buɗe sifika, ya ajiye wayar a kan teburin gwaji, dab da gwiwar hannun Baba.

Ta yi ƙara. Ta sake yi.

A raina ina cewa Allah ya sa kada ya ɗauka.

Ya ɗauka.

"Manaja manaja! Yaya kasuwa?"

Muryar Yaya ce, da fara'arsa, ana jin ƙarar motoci a bayansa.

Baba ya karkato kai. Na ga fuskarsa ta washe. Ya gane muryar. Ya kalli Mama yana nuna wayar da yatsa, bakinsa har kunne.

Manajan ya ce, "Mutanen gidanku ne suka zo. Suna cewa na'urar na fito."

"Kai, wa ya kawo su? Autar nan ce ko? Lallaɓa su kawai su tafi."

"Sun gane ta hannu ce."

Yaya ya ja tsaki.

"To sai me? Kai ma ka cika tsoro. Ce musu haka kamfani ya aiko. Tsohon nan fa ba ji yake ba, ba kuma zai taɓa ji ba. Ko dutse ka maƙala masa murmushi zai yi. In zuba wannan uban kuɗi a kunnen da ya mutu? Ina da abin yi da su."

Mai goyon nan ta dafe ƙirji. Dattijon ya ce, "Inna lillahi."

Mama ta kai hannu za ta kashe wayar.

Baba ya riƙe hannunta.

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Ya jawo wayar gabansa a hankali, ya sunkuyo da bakinsa kusa da ita.

"Halo? Manaja? Wa ke wurin ne?" in ji Yaya.

Baba ya ce, "Ni ne. Ina jin ka, ɗana. Ƙarasa."